Curin ƙarfe da shebur: aikin Frederick Taylor a kamfanin Bethlehem, 1898 zuwa 1901

A shekarar 1898 kamfanin ƙarfe na Bethlehem, wanda ke jihar Fensilbeniya a Amurka, ya ɗauki wani injiniya mai suna Frederick Winslow Taylor domin ya gyara masa tsarin aiki da hanyar biyan ma'aikata. Kamfanin a lokacin yana cikin manyan masu yi wa rundunar sojan ruwan Amurka sulken jirage da ƙarafan manyan bindigogi, kuma wasu daga cikin masu hannun jarinsa, musamman Joseph Wharton, suna ganin kuɗin da ake kashewa wajen aiki ya yi yawa. Taylor ya shekara uku a wurin kafin a sallame shi a 1901. Duk da cewa ba a rabu da daɗi ba, abin da aka yi a filin kamfanin cikin waɗannan shekaru shi ne ya zama babbar hujjar tsarin da daga baya aka sa wa suna gudanar da aiki a kimiyyance, kuma har yau da wuya ɗalibin fannin gudanarwa ya gama karatu bai ji labarin leburan nan da aka ce ya loda tan 47 da rabi na ƙarfe a yini guda ba.

Taylor ya daɗe da sanin rigimar da ke tsakanin masu kamfani da ma'aikata kafin ya zo Bethlehem. An haife shi a 1856 a gidan masu hali a Filadelfiya, ya ci jarrabawar shiga jami'ar Harvard, amma matsalar ido ta sa ya bar wannan hanya ya shiga koyon aikin hannu a wata masana'anta. A 1878 ya kama aiki a kamfanin ƙarfe na Midvale daga matakin ƙasa, ya yi ta hawa har ya zama babban injiniya, yana karatun digiri a gefe har ya kammala a 1883. Abin da ya fi tsaya masa a rai a Midvale shi ne jan ƙafar da ma'aikata ke yi da gangan, kuma ya san dalilinsa sarai domin ya zauna a cikinsu. Idan ana biyan mutum gwargwadon yawan abin da ya yi, ya dage ya ninka aikinsa, sai mai kamfani ya ga kuɗin da yake ɗauka ya zarce na takwarorinsa, ya rage farashin kowane guda, a ƙarshe mutumin ya koma yin aikin mutum biyu a kan ladan mutum ɗaya. Ma'aikatan da aka taɓa yi wa haka ba sa yarda a maimaita musu, saboda haka sukan haɗa baki su tsayar da wani mizani da ba mai wuce shi, kuma duk sabon zuwan da ya nuna zafin nama sai an ja masa kunne. Da aka ɗora Taylor a kan masu aikin injin, ya kwashe kusan shekara uku yana fafatawa da tsofaffin abokan aikinsa ta hanyar cin tara da kora, rayuwar da shi kansa ya bayyana da cewa mai ɗaci ce ƙwarai.

Abin da ya fahimta daga wannan fafatawa shi ne, rikicin ba zai ƙare ba muddin babu wanda ya san haƙiƙanin abin da mutum zai iya yi a yini. Masu kamfani ƙiyasi suke yi, ma'aikata kuwa sun sani amma ba za su faɗa ba, domin wannan sanin shi ne kaɗai makamin da ke hannunsu. Maganin da ya kawo shi ne a rarraba kowane aiki gida-gida, a auna kowane motsi da agogon ƙidayar daƙiƙa, a zubar da motsin da ba shi da amfani, a ƙara lokacin hutu da na tsaikon da ba makawa, sannan a yanke wa kowane mutum aikin yini tun kafin ya iso, tare da ƙarin lada idan ya cika shi. Rarraba aiki daɗaɗɗen tunani ne, masanin tattalin arziki Adam Smith ya yi bayaninsa tun 1776, masanin lissafi Charles Babbage kuma ya yi nazarin ayyukan masana'antu a 1832. Abin da Taylor ya ƙara shi ne ɗauke tsara aikin gaba ɗaya daga hannun mai yinsa a mai da shi ofis.

Ga yadda ya ba da labarin ɗaukar ƙarfen a littafinsa na 1911, The Principles of Scientific Management. A wani fili kusa da masana'antar an jibge ɗanyen ƙarfe har tan 80,000, wanda aka zuba curi-curi, kowane curi mai nauyin laba 92, wato kusan kilo 42. An ajiye shi ne saboda farashi ya faɗi, da farashin ya tashi a farkon yaƙin Amurka da Sifen sai aka sayar da shi, aka ja layin dogo zuwa gefen tsibin. Leburori kusan 75 ne ke aikin lodi: mutum ya sunkuya ya ɗauki curi, ya yi 'yan taku, ya hau katakon da aka jingina da tarago, ya jefa shi ciki, ya dawo ya ɗauki wani. Kowannensu yakan loda kimanin tan 12 da rabi a yini a kan dala 1.15. Taylor ya ce da aka yi nazari sai aka gano cewa ƙaƙƙarfan lebura na iya loda tan 47 zuwa 48, kuma sirrin yana cikin hutu, domin mai ɗaukar nauyi irin wannan bai kamata kaya ya kasance a hannunsa fiye da kashi 43 cikin 100 na yinin ba. Idan aka bar shi ya yi yadda ya ga dama, zai ƙona ƙarfinsa tun da hantsi, kafin azahar ya gaji liƙis.

Daga nan, in ji shi, aka zuba wa leburorin ido na 'yan kwanaki, aka tace har aka tsaya a kan wani ɗan ƙaramin mutum daga cikin Jamusawan Fensilbeniya, wanda Taylor ya sakaya sunansa ya kira shi Schmidt. An lura mutumin yana komawa gida da sassarfa bayan an tashi aiki, ya sayi ɗan fili yana gina gida da hannunsa safe da yamma, kuma an san shi da tsantseni wajen kashe kuɗi. Aka tambaye shi ko yana son dala 1.85 a yini maimakon dala 1.15, ya ce yana so. Aka gindaya masa sharaɗi ɗaya: gobe za a haɗa shi da wani mutum mai riƙe da agogo, in ya ce ɗauka ya ɗauka, in ya ce tafi ya tafi, in ya ce zauna ka huta ya zauna, ba gardama. Kafin ƙarfe biyar da rabi na yamma Schmidt ya loda tan 47 da rabi, kuma Taylor ya ce haka ya ci gaba da yi tsawon zaman da shi Taylor ya yi a kamfanin.

Ya kamata mai karatu ya dakata ya duba abin da wannan adadi ke nufi a jikin ɗan Adam, domin Taylor da kansa ya yi lissafin a cikin littafin. Tan 47 da rabi curi 1,156 ke nan a yinin aiki na awa goma, wato kusan curi biyu a kowane minti ɗaya, tun daga safe har yamma, da lokacin hutun a ciki. Matsakaicin nisan tsibin da tarago ƙafa 36 ne, saboda haka mutumin yakan yi tafiyar kusan kilomita 13 rungume da kilo 42, ya yi wasu 13 hannu wofi. Wani kaso mai yawa na lokacin da aka ce babu kaya a hannunsa, dawowar nan ce daga tarago zuwa tsibi. Taylor ya kuma yarda cewa daga cikin leburori 75 ɗin, mutum ɗaya ne kawai cikin takwas yake da jikin da zai iya wannan aiki, ko da yake ya ce kusan duk sauran an ba su wasu ayyukan a cikin kamfanin.

A 1974 wasu masu bincike biyu, Charles Wrege da Amedeo Perroni, suka koma kan takardun lokacin, ciki har da rahoton da mataimakan Taylor biyu, James Gillespie da Hartley Wolle, suka rubuta, domin su ne suka tsaya a filin suka yi awon. Abin da suka tarar ya sha bamban da labarin littafi. An yi awon ne a watan Maris na 1899, bayan yaƙi da Sifen ya ƙare. Mataimakan sun zaɓi ƙarfafan leburori kimanin goma, 'yan asalin ƙasar Hangari, suka ce su loda tarago da iyakar saurinsu, su kuwa suka loda tan 16 da rabi cikin kusan minti 14. Sai aka ɗauki wannan gudu na minti 14 aka buga shi a kan awa goma, ya ba da tan 71 ga kowane mutum, aka cika shi 75, sannan aka cire kashi 40 cikin 100 domin hutu da tsaiko, ya rage 45. Wannan kashi 40 ɗin yanke shi aka yi, babu wani gwajin gajiya da ya haifar da shi. Lamarin ya yi kama da a auna gudun doki a filin sukuwa a ce da shi za a yanke wa ayari zango. Da aka sanar da sabuwar jinga ta santi 3.75 a kan kowane tan (santi ɗari ne dala ɗaya), mutanen Hangarin suka gane cewa sun sayar da kansu da ƙwazon minti 14, suka ƙi karɓa, aka kore su. Daga nan aka yi ta neman masu sa kai, waɗansu suka gwada suka gudu, waɗansu suka ji tsoron barazanar abokan aiki. Wanda ya jure shi ne Henry Noll, wato Schmidt na littafi. Shekaru bayan haka, da jita-jita ta bazu cewa aikin ya kashe shi, an nemo shi a garin Bethlehem an same shi da ransa da lafiyarsa, amma wannan shaida ce kawai cewa Noll mutum ne na daban, ba ta nuna cewa adadin ya dace da sauran mutane ba.

A ganina, abin da ya ɗaga yawan lodin a wannan fili abu uku ne da kowane ɗan kwangila ya sani tun kafin a haifi Taylor: an tace mutane an bar mafiya ƙarfi, an mai da biyan yini ya koma jinga, an kuma kawar da waɗanda suka ƙi. Curin bai canza ba, katakon bai canza ba, ba a kuma kawo wata na'ura da za ta rage wa mutum nauyi ba. Laifin labarin shi ne ya lulluɓe wannan ciniki da rigar kimiyya, ta yadda duk wanda ya yi jayayya da adadin sai a ga kamar da ilimi yake jayayya. Maganganun Taylor a kan leburorin ma sun ƙara ɓata lamarin, domin ya rubuta cewa wanda ya dace da wannan aiki shi ne mutumin da ƙwaƙwalwarsa ta fi kama da ta bijimi, wanda ba zai iya fahimtar ilimin aikin da yake yi ba. Amma mutanen da suka duba sabuwar jinga suka gane illarta nan take, ai ba a ce musu marasa lissafi ba.

Sai kuma batun rabon riba, wanda shi ne zuciyar rikicin. Bisa alƙaluman Taylor, aikin mutum ya ninka kusan sau huɗu, ladansa kuwa ya ƙaru da kashi 60 cikin 100. Idan aka raba kuɗin yini da yawan tan, kamfani yana biyan lebura fiye da santi 9 a kan kowane tan a da, ya koma biyan ƙasa da santi 4. Marubuci Upton Sinclair ya tayar da wannan tambaya a 1911 a wata wasiƙa da ya aika wa mujallar da ke buga rubutun Taylor. Amsar Taylor ita ce, ƙarin ya fito ne daga ilimin da ofis ya samar, akwai kuɗin masu awo da akawu da za a biya, kuma mai saye ma yana da haƙƙin samun kaya da araha. Ya ƙara da cewa gwaji ya nuna masa idan ƙarin lada ya zarce kashi 60 da yawa, ma'aikata sukan sangarce su fara fashin aiki da almubazzaranci. Hujjar farko tana da ƙamshin gaskiya. Ta biyun kuwa ra'ayin mai gida ne a kan bara, kuma agogo ba ya iya auna nawa ya cancanci mutum ya ɗauka daga cikin ribar da guminsa ya kawo.

Rashin adalci ne, duk da haka, a yanke wa aikin Bethlehem hukunci da curin ƙarfe kaɗai, domin a cikin wannan fili aka yi nazarin shebur, kuma a nan ne ake ganin hanyar Taylor tana aiki yadda ya kamata. Kafin zuwansa kowane lebura da nasa shebur yake zuwa, da shi zai kwashi tama, da shi zai kwashi garin kwal. Tama na da nauyi, cikin shebur ɗaya yakan kai laba 30, na garin kwal kuwa bai kai laba 4 ba, saboda haka mutum ko dai yana karya bayansa ko yana wurga hannu a banza. Aka ware ƙwararrun masu shebur biyu ko uku, aka ƙara musu kuɗi domin su yi aiki tsakani da Allah, aka yi ta sauya nauyin abin da suke kwasa ana ƙirga jimillar yini, mako bayan mako, har aka ga cewa mutum ya fi kwasar kaya da yawa idan cikin shebur ya tsaya a wajen laba 21, wato kilo tara da rabi. Sai kamfani ya buɗe ɗakin kayan aiki mai shebur iri takwas zuwa goma, ƙarami na tama, babba na kwal da toka, domin ko me mutum zai kwasa nauyin ya tsaya wuri ɗaya. Wannan gwaji ne na gaske, domin an canza abu ɗaya an riƙe sauran, an ɗauki lokaci, kuma sakamakon ya ɗora wa kamfani nauyin samar da kayan aikin da suka dace.

Shebur ɗin ya jawo wasu gyare-gyare a bayansa. Filin kamfanin ya kai tsawon mil biyu, kuma a da ana kora leburori ne garke-garke daga wannan wuri zuwa wancan. Sai aka buɗe ofishin tsara aiki, inda ake shirya inda kowane mutum zai kasance tun ana gobe. Da safe kowa zai tarar da takarda biyu a akwatinsa, ɗaya ta gaya masa kayan aikin da zai karɓa da inda zai fara, ɗayar ta gaya masa abin da ya yi jiya da abin da ya samu. Da yake da yawansu baƙi ne da ba su iya karatu ba, aka yi amfani da launi: farar takarda na nufin ya cika aikinsa, rawaya kuwa na nufin ya gaza, kuma idan ta yawaita za a sauya masa aiki. Alƙaluman da Taylor ya bayar na shekara ta uku sun nuna cewa leburorin filin sun ragu daga tsakanin 400 da 600 zuwa kimanin 140, abin da mutum ke kwasa a yini ya tashi daga tan 16 zuwa 59, kuɗin yini ya tashi daga dala 1.15 zuwa 1.88, kuɗin sarrafa kowane tan kuma ya sauko daga santi 7.2 zuwa 3.3, har da albashin akawu da masu awo a ciki. Ko a nan tambayar rabo tana nan daram, kuma takardar kowane mutum shi kaɗai ta wargaza haɗin bakin da a da yake kare ma'aikata, wanda shi ne abin da Taylor ke nema tun a Midvale.

Nasararsa mafi ƙarfi a Bethlehem ma ba ta shafi lebura ba. Shi da wani masanin ƙarfe na kamfanin, Maunsel White, sun gano cewa idan aka gasa ƙarfen da ake yin bakin injin yanka da shi har ya kusa narkewa, yakan riƙe taurinsa ko da ya yi jajir da zafi a kan aiki, abin da ya ba injuna damar yanka da saurin da ya ninka na da. An nuna wannan a baje kolin duniya na birnin Paris a 1900, injiniyoyin Turai suka yi ta mamaki. A Bethlehem ɗin ne kuma masanin lissafi Carl Barth ya ƙera wata rula ta lissafi da ke gaya wa mai injin saurin da ya dace cikin ɗan lokaci, bayan Taylor ya nuna cewa abubuwa 12 ne ke shafar amsar, wani mataimakin Taylor, Henry Gantt, kuma ya fito da tsarinsa na biyan kuɗin yini tare da garaɓasa ga wanda ya cika aiki.

Duk wannan bai hana a sallame shi ba. Taylor mutum ne mai kaifin harshe da ba ya jure musu, ya ɓata da manajoji da shugabannin sassa waɗanda suka ga ana ƙwace musu iko ana kai shi ofishin tsara aiki, dangantakarsa da shugaban kamfanin Robert Linderman kuma ta yi tsami. Shi Taylor ya ce wasu daga cikin manyan kamfanin suna da gidajen haya da kantuna a garin, don haka ba su so a rage yawan ma'aikata. A watan Mayu na 1901 aikinsa ya ƙare, a cikin shekarar kuma attajirin harkar ƙarfe Charles Schwab ya sayi kamfanin ya yi watsi da yawancin tsarin. Taylor, wanda ya riga ya tara dukiya, ya daina aikin albashi yana ɗan shekara 45, ya koma gidansa a Filadelfiya yana karɓar baƙi yana ba su labarin Schmidt, labarin yana ƙara gyaruwa daga shekara zuwa shekara.

Sunan gudanar da aiki a kimiyyance ya bazu ne a 1910, lokacin da lauya Louis Brandeis ya yi amfani da shi wajen ƙalubalantar kamfanonin jiragen ƙasa da ke neman ƙara kuɗin dakon kaya, inda wani shaidarsa, Harrington Emerson, ya ce za su iya rage kashe dala miliyan ɗaya a kullum idan suka gyara aikinsu. Shekara guda bayan haka rigimar adadi ta sake tashi, wannan karon a ma'aikatar ƙera makamai ta gwamnati da ke Watertown kusa da Boston. A watan Agusta na 1911 wani mai awo ya yanke wa masu zubin ƙarfe lokacin da bai wuce rabin wanda suka saba ɗauka ba a kan wani aiki, su kuma suka auna da nasu agogon suka ga bai yi daidai ba. Da aka kori ɗayansu saboda ya ƙi yarda a tsaya a kansa da agogo, sai suka shiga yajin aiki na kusan mako guda. Majalisar wakilai ta kafa kwamiti a ƙarƙashin William Wilson, tsohon mai haƙar kwal, kuma a watan Janairu na 1912 Taylor ya bayyana a gabansa. Wilson ya matsa masa da tambayar me zai faru da mutumin da bai kai sahun farko ba, Taylor ya amsa cewa tsarinsa ba shi da wuri ga tsuntsun da zai iya waƙa ya ƙi yi, Wilson kuwa ya ce shi ba maganar tsuntsaye yake yi ba. Kwamitin bai ba da shawarar kafa doka ba a lokacin, amma ƙungiyoyin ƙwadago suka ci gaba da matsa lamba, har a 1915, shekarar da Taylor ya rasu, majalisa ta hana a yi amfani da kuɗin kasafin sojojin ƙasa da na ruwa wajen auna ma'aikata da agogo ko biyan su garaɓasar cika aiki. Wannan hani ya ci gaba da aiki har zuwa 1949.